Matsalolin hantsar goɗiya: Yadda suke kashe duƙushi kafin mai doki ya ankara

Daga fadojin lamidai na Garwa, Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru, zuwa filayen sukuwa a Nijar da Chadi, har zuwa zangunan Ghana inda sarakuna ke hawa ranar salla, doki yana nan da darajarsa. Sai dai yawanci ingarma ne ke cin moriyar wannan daraja. Shi ake yi wa ado, shi ake ware wa gero da harawa mai kyau. Goɗiyar da ta haife shi kuwa ba a cika waiwayar ta ba, balle a duƙa a duba hantsarta.

A wurin likitocin dabbobi, wannan sakaci yana da tsada. Goɗiya tana ɗaukar ciki kimanin wata 11, kuma ɗa guda take haifa. Idan hantsarta ta sami matsala a ranar haihuwa, wahalar shekara guda na iya salwanta cikin kwana biyu ko uku. Sau da yawa mai dokin ba ya ma sanin dalili, sai dai ya ce duƙushin ya zo da rauni.

Yadda hantsar goɗiya take

Hantsar goɗiya ta bambanta da ta saniya. Ƙarama ce, tana ɓoye a tsakanin cinyoyi, kuma ta kasu gida biyu, hagu da dama. Kowane ɓangare yana da kan nono guda ɗaya, kuma a bakin kowane kan nono akwai ƙananan ƙofofi biyu, wani lokaci uku, domin kowace ƙofa tana da nata rumbun nono a ciki. Wannan ne ya sa cuta kan kama rumbu ɗaya ta bar na kusa da shi.

Da yake hantsar ba ta ɗaukar nono mai yawa a lokaci guda, duƙushi yakan sha kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. A makon farko yana iya komawa ga uwar sau 5 zuwa 7 a cikin awa ɗaya. Goɗiya mai ƙoshin lafiya tana ba da nonon da ya kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jikinta a kullum. Ke nan goɗiya mai kilo 300 tana iya ba da lita 6 zuwa 9 a rana. Shi kuma duƙushi, wanda ake haifa da kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin uwarsa, bayan kwanakin farko yana shan abin da ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyinsa kowace rana.

Hantsa takan fara cika makonni 2 zuwa 6 kafin haihuwa. Idan ya rage kwana ɗaya ko biyu, akan ga wani abu mai kama da kakin zuma ya daskare a bakin kan nonon. Wannan ita ce tafiyar da aka saba gani. Duk abin da ya kauce mata, ko hantsa ta cika da wuri ƙwarai ko ta ƙi cika sam, alama ce da ke buƙatar a bincika.

Dalilin da ya sa dakashi ya zama batun rai da mutuwa

Jaririn ɗan Adam yana samun wani kaso na garkuwar jiki daga mahaifiyarsa tun yana ciki. Duƙushi ba haka yake ba. Mabiyiyar goɗiya ba ta barin sinadaran garkuwa su ratsa zuwa jinin ɗan, saboda haka yana faɗowa duniya kusan ba shi da abin kare kansa daga ƙwayoyin cutar da ke barga. Duk garkuwarsa ta watannin farko tana cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri da danƙo, mai launin rawaya, wanda likitoci ke kira colostrum da Faransanci.

Akwai kuma ƙa'idar lokaci. Hanjin duƙushi yana iya tsotse waɗannan sinadarai ya kai su cikin jini ne na ɗan lokaci kaɗan. Ya fi karɓa a awa 6 zuwa 8 na farko. Daga nan ƙofar sai ta riƙa rufewa, kafin awa 24 ta rufe gaba ɗaya. Dakashin da aka ba shi a rana ta biyu abinci ne kawai, ba ya ƙara masa garkuwa a jini. Abin da ake so shi ne ya sha lita 1 zuwa 2, gwargwadon girmansa, a cikin waɗannan awoyi na farko.

Masu kiwon dawaki a ƙasashe da dama suna riƙe da wani lissafi mai sauƙi: duƙushi ya miƙe tsaye cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2, uwar kuma ta yar da mabiyiya cikin awa 3. Idan ɗaya daga cikin ukun ya saɓa, lokacin neman likita ya yi.

Inda akwai kayan aiki, ana ɗibar jinin duƙushi tsakanin awa 12 zuwa 24 da haihuwa a auna sinadarin garkuwa mai suna IgG. Idan ya haura miligiram 800 a kowace desilita, ya samu isasshe. Idan bai kai 400 ba, garkuwar ba ta shiga ba. Shi kansa dakashin ana iya gwada shi da ƙaramar na'urar nan ta hannu da ake auna zaƙin zuma ko ruwan rake da ita. Wanda ya nuna 23 ko fiye a ma'aunin Brix ana ɗaukarsa mai kyau. Inda babu na'ura, ido da yatsa na taimakawa: dakashi mai kyau yana da kauri, yana manne wa yatsa, mara kyau kuwa fari ne tsululu kamar nonon yau da kullum.

Zubar nono kafin haihuwa

Wasu masu dawaki kan yi murna idan suka ga nono na zuba a ƙafafun goɗiya tun kafin ta haihu, suna ganin alamar yalwar nono ce. Gaskiyar ita ce abin da ke zuba ɗin dakashi ne, kuma goɗiya sau ɗaya take haɗa shi a kowane ciki. Idan ya tsiyaye na kwanaki, duƙushi zai zo ya tarar da farin nono, ya sha ya ƙoshi, amma jininsa babu garkuwa. Irin wannan duƙushi yakan yi kyan gani a rana ta farko, sannan ya kwanta a rana ta uku ko ta huɗu.

Idan hantsa ta cika ko nono ya fara zuba makonni da dama kafin lokacin haihuwa, abin ya fi haka muni. Manyan dalilan da aka sani su ne ciwon mabiyiya, wanda ƙwayoyin cuta ke haddasawa idan suka shiga ta farjin goɗiya, da kuma cikin tagwaye. Duka biyun kan kai ga ɓari ko haihuwar bakwaini. Ya kamata a duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai wani ruwa da ke fita, a kuma kira likita, domin ciwon mabiyiya idan an kama shi da wuri ana iya riƙe cikin da magani.

Idan zubar ta fara ana dab da haihuwa, dabara ita ce a tatsi dakashin a cikin kwano mai tsabta, a tace shi da ƙyalle, a ajiye a cikin firiji, a ba duƙushin da zarar ya zo.

Rashin nono ko ƙarancinsa

Wata goɗiyar kuma takan haihu hantsarta a yamushe, ko da an tatsa ba a samun komai. Da Faransanci ana kiran wannan agalactie. Dalilansa sun kasu kashi-kashi.

Na farko shi ne yunwa da ƙishirwa. A yankin Sahel, goɗiyar da haihuwarta ta faɗo a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma harawa ta yi tsada, takan shiga shayarwa a rame. Wadda ake ci gaba da ɗaura wa amalanke har cikinta ya tsufa ita ma haka. Nono kuwa kusan kashi 90 cikin 100 ɗinsa ruwa ne. Goɗiya mai shayarwa a lokacin zafi tana iya shan lita 50 ko fiye a rana, don haka kai ta rijiya sau ɗaya a yini ba ya wadatar da ita.

Na biyu shi ne haihuwar fari. Goɗiyar da ba ta taɓa haihuwa ba takan yi jinkirin kawo nono, ko kuma nonon yana nan amma zafin cikar hantsa da tsoro su hana ta sakinsa. Irin wannan takan yi harbi ko ta juya duk lokacin da ɗan ya matso. Ana riƙe ta a hankali, a gasa hantsar da tsumma mai ɗumi, a ɗan tatsa don ta yi laushi. Likita na iya ba ta maganin zafi ko allurar oxytocin mai sa nono ya sauko. Duka da tsawa ƙara dagula lamarin suke yi.

Na uku shi ne guba a abinci. A Amurka an daɗe da sanin wata ciyawar kiwo mai suna fescue, wadda wani naman gwari ke rayuwa a cikinta. Gubar da yake fitarwa tana danne sinadarin prolactin, wanda shi ne ke umartar hantsa ta yi nono. Goɗiyoyin da suka ci ta a ƙarshen ciki sukan wuce lokacin haihuwa, mabiyiyarsu ta yi kauri, kuma su haihu babu nono. Shi ya sa a can ake janye su daga wannan ciyawa watanni 2 zuwa 3 kafin haihuwa, ko a ba su magani mai suna domperidone.

Ba a shuka wannan ciyawa a Sahel, amma akwai ƴan uwan wannan naman gwari da ke kama dawa da gero. Su ne ke sa zangarniya ta riƙa fitar da wani ruwa mai danƙo kamar zuma, daga baya a ga wasu ƙwayoyi masu tauri da duhu a gurbin tsaba. A Ostareliya an tabbatar da cewa dawar da ta kamu da wannan cuta ta rage nonon shanu ƙwarai. Saboda haka hatsi ko dusar da ta fito daga irin wannan zangarniya ba abin ba goɗiya mai tsohon ciki ba ne, haka ma duk abincin da ya yi fumfuna.

Ciwon kumburin hantsa

Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira mammite da Faransanci. Bai yawaita a dawaki kamar yadda ya yawaita a shanu ba, domin hantsar goɗiya ƙarama ce, ba ta jan ƙasa, kuma ɗanta yana yawan zuƙe ta. Amma yana faruwa, kuma ya fi zuwa a lokacin da nono ya taru ba a sha ba: bayan yaye, bayan mutuwar duƙushi, ko lokacin da duƙushin ba shi da lafiya ya rage tsotso. Yana kuma ƙaruwa a lokacin da ƙudaje suka yi yawa. Ƙwayar cutar da aka fi samu ita ce Streptococcus zooepidemicus, wadda dama tana zaune a jikin dawaki masu lafiya, tana jiran kafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙaramin rauni a kan nono ya ishe ta.

Yawanci ɓangare ɗaya ne ke kamuwa. Yakan kumbura, ya yi tauri da zafi, goɗiyar ba ta yarda a taɓa. Kumburin kan bi ƙarƙashin ciki ya yi gaba. Takan riƙa tafiya tana buɗe ƙafafun baya ko tana ɗingishi a ɓangaren da ke ciwo, har wasu su ɗauka ciwon ƙafa ne. Nonon kan fito da gudaji, ko ya zama ruwa-ruwa, ko ya haɗu da jini ko mugunya. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Idan ya haura haka, zazzaɓi ya shiga.

Illarsa ga duƙushi ta fuska biyu ce. Nono ya ragu, sannan uwar tana korarsa saboda zafi, wani lokaci har ta ji masa rauni. Magani ya haɗa da tatse ɓangaren da ke ciwo sau da yawa a rana a zubar a wurin da dabbobi ba sa kwanciya, gasa shi da ruwan ɗumi, maganin zafi da kumburi, da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda likita ya zaɓa. Dakunan binciken lafiyar dabbobi, irin su LANAVET a Garwa, LABOCEL a Yamai da IRED a Njamena, an kafa su ne domin gano cututtukan dabbobi, kuma ta hannun likitan yanki ake aika musu samfur. Sayen allura a kasuwa a yi ta tsira wa dabba ba tare da sanin ƙwayar cutar ba yakan ɓata kuɗi da lokaci. Idan aka bar ciwon ya daɗe, rumbun nonon kan mutu ya zama tabo, goɗiyar ta koma shayarwa da ɓangare ɗaya har ƙarshen rayuwarta.

Ya kamata a bambanta wannan da kumburin ruwa, wanda kan zo wa goɗiya mai tsohon ciki, musamman wadda ke ɗaure a turke ba ta motsawa. Shi wannan ɓangarorin biyu yake kamawa, ba shi da zafi sosai, idan an danna da yatsa sai gurbin ya zauna, kuma yakan ragu idan ana zagayawa da ita safe da yamma. Sai dai idan kumburin hantsa da farji ya zo tare da rama da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, likita zai yi tunanin cututtukan jini na dangin sammore, ciki har da wadda ake kira dourine, mai yaɗuwa ta hanyar barbara.

Nakasar kan nono, kaska da ƙari

Wani lokaci nonon yana nan, lafiyarsa lau, amma duƙushi ba ya iya kama shi. Akwai goɗiyar da kan nononta ya shige ciki, akwai mai gajere ƙwarai, akwai kuma tsohuwar da ta yi haihuwa da yawa wadda nata ya yi kauri ya fi ƙarfin bakin jariri. Cikar hantsa fiye da kima ita ma takan shafe kan nonon ya zama babu abin kamawa. A irin wannan hali ana tatsa kaɗan don ya fito, a shafa nono a kansa, a jagoranci bakin duƙushin. Idan bai kama ba cikin awa 2 zuwa 3, sai a tatsa a ba shi, kada a tsaya jira.

A yankunan da ke da damina mai ƙarfi, kamar Adamawa da arewacin Ghana, kaska babbar matsala ce. Manyan kaska masu dogon baki sun fi son wuraren da fata ke da laushi: hantsa, matsematsi da ƙarƙashin wutsiya. Makiyayan shanu sun san yadda suke lalata kan nonon saniya. Wurin da suka ciza yakan zama gyambo, ƙudaje su bi, idan ya warke kuma tabon na iya toshe ƙofar nono. Fizge kaska da ƙarfi yakan bar bakinta a cikin fata. Haka kuma ba a shafa maganin kaska a kan nonon goɗiya mai shayarwa, domin duƙushi zai tsotse shi.

Akwai kuma ƙari. Dawakai masu launin kili sun fi sauran kamuwa da wani baƙin ƙari na fata mai suna melanoma idan sun manyanta, har an ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 15 suna da shi. Ya fi fitowa a ƙarƙashin wutsiya, amma yana iya fitowa a hantsa. Sankarar hantsa ita kanta ba ta da yawa a dawaki, sai dai tana da muni, kuma a farkonta takan yi kama da ciwon kumburi. Duk kumburin ɓangare ɗaya da ya ƙi jin magani, ko ya fashe ya ƙi warkewa, yana buƙatar a sake dubawa.

Lokacin da dakashi ke zama guba

Akwai wani yanayi da hantsa ke lafiya, dakashi ma mai kyau ne, amma shi ne ke kashe ɗan. Yana faruwa idan duƙushi ya gaji rukunin jinin ubansa wanda ya saɓa da na uwar, ita kuma jikinta ya riga ya haɗa garkuwar yaƙi da wannan rukuni, yawanci tun daga wani ciki da ta yi a baya. Idan ya sha dakashin, garkuwar sai ta shiga farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Ana haifarsa da ƙarfinsa, amma cikin kwana 1 zuwa 3 sai ya yi laushi, numfashinsa ya yi sauri, idanunsa da dasashinsa su yi rawaya irin ta shawara, fitsarinsa ya yi duhu.

Abin ya fi yawa a wurin alfadari, wato ɗan da goɗiya ta haifa wa jaki, inda yake shafar kimanin 1 cikin 10. Goɗiyar da ta taɓa rasa ɗa ta wannan hanya tana iya maimaitawa. A haihuwa ta gaba akan sa wa duƙushin takunkumi na kwana ɗaya zuwa biyu, a ba shi dakashin wata goɗiyar, a riƙa tatse uwar ana zubarwa, sannan a mayar da shi gare ta bayan hanjinsa ya daina tsotsar garkuwa.

Abin da jikin duƙushi ke nunawa

Duƙushin da ke samun isasshen nono yakan sha na ɗan lokaci, ya saki, ya yi tsalle-tsalle, ya kwanta ya yi barci. Yana yawan fitsari, kuma fitsarin fari ne kamar ruwa. Wanda nono bai ishe shi ba kuwa kullum yana ƙarƙashin uwar, yana tunkuɗar hantsa, yana sauya kan nono, cikinsa a lafe, fitsarinsa kaɗan kuma rawaya. Yakan fara lasar ƙasa ko shan ruwan kwatami. Jikinsa ba shi da ajiyar ƙarfi mai yawa, don haka awoyi kaɗan na rashin sha sun isa sukarin jininsa ya faɗi, jikinsa ya yi sanyi.

Akwai alamar da ke yaudarar mutane: a ga nono ya bushe a goshin duƙushi ko a fuskarsa, hantsar uwar kuma a cike tam tana tsiyaya. Wannan ba shaidar ƙoshi ba ce. Yana nufin yana zuwa ƙarƙashinta amma ba ya tsotsa. Sau da yawa cikar hantsar uwa ita ce alamar farko da ke nuna ɗan ba shi da lafiya.

Wanda bai sami dakashi ba, ƙwayoyin cuta kan shiga jininsa ta cibiya, ta hanji ko ta huhu. Daga nan sai a ga cibiya ta kumbura, ko gwiwa ta cika ta yi zafi ya kasa takawa, ko gudawa, ko ciwon huhu. Ɗingishi a wurin duƙushin da bai kai wata ɗaya ba, a ɗauke shi a matsayin ciwon gaɓa har sai likita ya ce ba shi ba ne, ko da ana zaton uwar ce ta taka shi. Dakashi yana kuma taimakawa wajen fitar da kashin farko, baƙi mai tauri. Idan bai fita ba, za a ga duƙushin yana ta yunƙuri yana kaɗa wutsiya.

Sai dai ba kowace gudawa ce ke nuna matsalar nono ba. Yawancin duƙusai kan yi ɗan zawo mai sauƙi a tsakanin kwana 5 zuwa 15 da haihuwa, suna ci gaba da sha da wasa, kuma yakan wuce da kansa.

Idan nonon uwa ya gagara

A awoyin farko babu abin da ya kai dakashin wata goɗiyar da ta haihu a ranar. A garuruwan da masu dawaki ke da ƙungiya ko suke taruwa a bargar sarki, ana iya yin tanadi. Goɗiya mai yalwar nono, bayan ɗanta ya sha ya ƙoshi, ana iya tatsar kimanin rubu'in lita daga gare ta a daskarar a firiza, inda zai kai shekara guda muddin wuta ba ta yanke ya narke ba. Ranar amfani ana narkar da shi a cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta, domin zafi yana lalata garkuwar. Idan babu na doki sam, dakashin saniya ya fi babu, amma kariyarsa ba ta daɗewa. Bayan awa 24 hanya ɗaya ta rage, ita ce likita ya ƙara wa duƙushin ruwan jinin wani doki mai lafiya ta jijiya.

Game da abincin yau da kullum, mafi kyau shi ne a sami goɗiyar da ɗanta ya mutu a haɗa su, ana riƙe ta har ta saba da shi. Nonon jakanya ya yi kusa da na goɗiya ƙwarai. Nonon akuya ma duƙusai na karɓarsa. Nonon saniya kuwa ya sha bamban: na goɗiya maiƙonsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba kuma ya fi zaƙi, na saniya maiƙonsa ya ninka haka, zaƙinsa kuma bai kai ba. Idan shi kaɗai ake da shi, ana tafasa shi, a bar shi ya huce, a yaɗe rabin maiƙon, a zuba gulukos kimanin giram 20 a kowace lita. Ba a sa sukarin shayi, domin hanjin jaririn doki bai iya narkar da shi ba, gudawa yake sa shi.

Ana ba shi kaɗan-kaɗan, duk awa 1 zuwa 2 a kwanakin farko, dare da rana, ana ƙarawa a hankali. A ba shi yana tsaye, kansa a miƙe ba a ɗage sama ba. Duƙushin da ya kwanta ba ya iya tsotsa, ba a yi masa ɗura. Nonon zai bi ta maƙogwaro ya shiga huhu, ya zama ajalinsa. Wannan aikin likita ne, wanda zai sa masa roba ta hanci zuwa ciki.

Abin da za a yi tun kafin ranar

Mafi yawan waɗannan asarori ana iya kauce musu da abubuwan da ba su da tsada. A watanni 3 na ƙarshen ciki, lokacin da ɗan ke yin mafi yawan girmansa, goɗiya na buƙatar ƙarin abinci mai kyau, ruwa a gabanta koyaushe, da hutu daga aiki mai nauyi. Allurar rigakafin tetanus, cutar sarƙewar haƙora, idan aka yi mata makonni 4 zuwa 6 kafin haihuwa, garkuwar takan taru a dakashi ta isa ga ɗan.

A watan ƙarshe ya kamata mai kula da ita ya riƙa duba hantsar kullum, yana taɓa ta a hankali don ta saba, musamman mai cikin fari. A cire kaska, a wanke dattin da ke taruwa a tsakanin ɓangarorin biyu da ruwan ɗumi, a share wurin haihuwa a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Bayan haihuwa a tsoma cibiyar duƙushi a maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma wani ya tsaya ya gani da idonsa cewa ya kama nono yana haɗiya. Al'adar zubar da nonon farko, wadda ma'aikatan lafiya ke yaƙi da ita a wurin mata masu jego, ita ma ba ta da gurbi a barga.

Lokacin yaye ma yana da nasa haɗari. Ana rage wa goɗiya hatsi ƴan kwanaki kafin a raba ta da ɗan, a bar ta tana yawo. Ba a riƙa tatse ta, domin tatsa umarni ne ga hantsa ta ƙara yin nono. A dai riƙa dubawa har ta yamushe, ko wani ɓangare zai yi zafi.

Haka nan duk wanda zai sayi goɗiya don kiwo, a kasuwar gida ko ta tsallaken iyaka, bayan ya duba haƙora da kofato, ya duƙa ya duba hantsa. Ɓangare ɗaya da ya fi ɗaya ƙanƙanta, tauri a ciki, tabo ko kan nonon da ya shige, duk suna ba da labarin abin da ya faru a haihuwar baya, da abin da mai saye zai tarar bayan wata 11.